Taɗiya a Kan Allon Ces: Me Ka Saya da Dakarenka?

Duk wanda ya tashi a ƙasar kokawa ya san taɗiya. Ka sa wa abokin karawarka ƙafa, ka ɗan saki jiki kamar za ka faɗi, shi kuma ya biyo ka da ƙarfinsa, sai ga shi a ƙasa. In ta kama, 'yan kallo su ɗauki ihu. In ba ta kama ba, kai ne tsaye da ƙafa ɗaya, kuma ba sai an gaya maka abin da zai biyo baya ba. To kalmar nan da yaranmu ke ta maimaitawa a wasan ces, wato gambit, asalinta ke nan. Daga Italiyanci ta fito, inda take nufin sa wa mutum ƙafa a kokawa, kuma wani limamin coci ɗan ƙasar Sifen mai suna Ruy Lopez ne ya shigar da ita cikin littafin ces da ya buga a 1561. Shi ya sa a gidanmu ba ma wahalar da harshe, taɗiya kawai muke ce mata.

Ni ɗan albasa ne. Mutumin Galmi ne ni, shekara 19 ke nan ina Ankara ta ƙasar Gana. Iyalina na Nima, ni kuwa kullum ina kan hanyar Ajen Kotoku tun da aka mayar da kasuwarmu can daga Agbogbloshi a 2021. Ces ɗin nan, da wasu ke kira darar Turawa, Larabawa kuma shaɗaranj, a nan na koye shi wajen wani maƙwabcina mai kantin magani, lokacin da iyali ba su iso ba tukuna, dare yana yi mini tsawo. Ban zama gwani ba, amma na san ramukan da ake faɗawa. Yanzu 'ya'yana biyu sun ɗauka, yayar mai shekara 15 da autana mai 13. Wata huɗu ke nan ana jayayya a gidana kan magana ɗaya: shin taɗiya hanyar kirki ce ta fara wasa, ko kuwa wayo ne da ke ƙarewa ranar da aka gamu da wanda ya sani? Na kawo maganar nan ne don na san ba gidana kaɗai ba ne. Sau nawa uba yake ganin ɗansa ya duƙufa kan waya, yana zaton ƙwallo yake kallo, alhali sarki yake farauta?

Bari in fara da farashi, tunda mu 'yan kasuwa ne. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16. Takwas daga ciki dakaru ne, ƙananan nan da ke jere a gaba. Masana sun yi wa kowa kuɗi: dakare 1, doki 3, giwa mai tafiya a karkace 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da farashi, don in ya tafi kasuwa ta tashi. Sai dai akwai wani kaya da ba a gani a kan allo, shi ne lokaci. Kowa taku ɗaya yake yi ya jira ɗan'uwansa. Wanda ya fito da dawakinsa da giwayensa fili, ya shigar da sarkinsa lungu, alhali wancan na can yana kwasar ganima, shi ke da lokaci. Tsohon lissafin malaman ces shi ne, a farkon wasa dakare ɗaya daidai yake da taku uku. Taɗiya ita ce ka ba da dakare da gangan, wani lokaci ma biyu, ka sayi taku da buɗaɗɗiyar hanya zuwa gidan sarkin abokin karawarka.

A nan sana'ata ta fahimtar da ni abin fiye da littafi. Wanda ya karɓi dakare, gero ya saya. Zai zuba shi a rumbu, ba ya lalacewa, ko bayan taku 50 yana nan, kuma a ƙarshen wasa dakare guda yana iya kaiwa ƙarshen allo ya zama sarauniya. Wanda ya ba da dakare don neman lokaci kuwa, albasa ya ɗauko. Ranar da mota ta iso daga Galmi tana ƙyalli, kowa na so. Bar ta ta yi sati biyu cikin danshin Ankara ka gani. Haka lokaci yake a ces. In ba ka juya shi nan take ba, da kowane taku yake ruɓewa, har ka wayi gari ba dakare, ba hari. Saboda haka wanda ya tambaye ni ko taɗiya na da kyau, kamar ya tambaye ni ne ko albasa na da riba. Sai in ce masa: wace albasa, a wace kasuwa, a hannun wa?

Akwai taɗiyar da suna kawai ta ara. Ita ce taɗiyar sarauniya, wadda wani fim na Netflix ya sa sunanta ya zagaye duniya a 2020. Mai farare ya tura dakaren gaban sarauniya zuwa gidan d4, mai baƙaƙe ya tare shi da d5, sai mai farare ya miƙa dakaren c4. In an ci, ba da jimawa ba zai karɓo abinsa. In kuwa mai baƙaƙe ya yi taurin kai wai sai ya riƙe, sau da yawa yakan yi asarar da ta fi dakaren. Wannan bashi ne da ka ba mutum kana riƙe da jinginarsa a aljihu. Shi ya sa manya ba sa shakkarta. A karawar neman kambun duniya ta 1927 a ƙasar Ajantina, tsakanin Kapablanka da Alekin, wasa 32 cikin 34 da wannan buɗin aka fara su, kuma mai baƙaƙe ƙin cin dakaren yake yi.

Akwai kuma taɗiya ta gaske, wadda dakaren ya tafi ke nan, amma abin da aka saya da shi ya kai kuɗinsa. Ba'amurke Frank Marshall ya fito da tasa a gaban Kapablanka a birnin New York a 1918. Yana riƙe da baƙaƙe, a taku na takwas ya tura d5, ya bar dakarensa na e5 a ci. Kapablanka ya ci, ya sha ruwan hari, ya tsira, ya kuma ci wasan. Da a nan aka yanke hukunci, da an ce taɗiyar ta mutu ranar haihuwarta. Amma na baya suka gyara ta, har ta kai yau gwanaye da yawa masu riƙe da farare kauce mata suke yi tun kafin a iso wurin. Ga kuma ta Pal Benko, ɗan Hangari da ya yi hijira zuwa Amurka, baƙo irinmu. A tasa, mai baƙaƙe yana ba da dakaren b, ya buɗe layi biyu na gefen sarauniya, hasumiyoyinsa su zauna a kai suna matsa lamba har ƙarshen wasa, ko da an yi musayar sarauniya. Ita ce albasar da aka shanya ta bushe sosai, wadda takan yi watanni ba ta ce komai ba.

Wadda na fi so ita ce ta Evans, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan yankin Wales da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1820. Bayan kowa ya fito da doki da giwa, sai mai farare ya jefa dakaren b4 a bakin giwar baƙaƙe. Ta ci. Ya kore ta da c3, ya biyo da d4, ya mamaye tsakiyar allo, ita kuwa giwar ta ɓata taku biyu wajen ci da gudu. An daɗe ana yi mata kallon kayan da, sai ga Gari Kasparof, yana riƙe da kambun duniya, ya ɗauko ta a birnin Riga a 1995 ya kayar da Anand na Indiya cikin taku 25.

Sai iri na uku, wanda shi ne ya kawo rigima gidana. Tarko ne tsantsa. Autana ya tsinci taɗiyar Stafford a YouTube, inda wani gwani Ba'amurke mai suna Eric Rosen ya yi mata suna. Ga yadda take. Farare e4, baƙaƙe e5. Kowa ya fito da dokin gefen sarki. Dokin farare ya ci dakaren e5, sai mai baƙaƙe, maimakon ya nemi fansa, ya miƙo ɗaya dokin a c6 a yi musaya. Yanzu yana bin bashin dakare. Mai farare ya tura d3, mai baƙaƙe ya kafa giwa a c5. In mai farare ya yi abin da ido ke so, ya kai giwarsa g5 don ya ɗaure doki, shi ke nan. Dokin ya yi tsalle ya ci e4, ya bar sarauniyarsa a fili. Mai kwaɗayi ya cinye ta. Giwa ta faɗa f2, sarki ya fito e2, ɗaya giwar ta zo g4, an kulle sarki a taku na takwas. Ranar da yaron ya fara nuna mini, wallahi ni ma sai da na yi dariya. Amma in mai farare ya ajiye giwarsa ta gefen sarki a e2 cikin natsuwa, ya biyo da c3 da d4, to duk wani tarko ya rufe, shi kuma yana da gero a rumbu da tsakiyar allo a hannu. Mai Stafford ba lokaci ya saya ba, fata ya saya, fatar wancan ya yi kuskure.

Tsakanin waɗannan akwai uwarsu duka, taɗiyar sarki, inda mai farare ke miƙa dakaren f4 tun a taku na biyu, ya yaye wa sarkinsa labule da hannunsa. Da ita Andasen ya buga wasan nan na Landan a 1851 da har yau ake koya wa yara, inda ya ba da giwa, da hasumiya biyu, da sarauniya, sannan ya kulle sarki da ƙananan da suka rage masa. Da ita Boris Ispaski ya kayar da Bobi Fisha a Ajantina a 1960. Abin ya yi wa Fisha zafi, a 1961 ya rubuta maƙala yana cewa ya gano maganinta, wato mai baƙaƙe ya tura d6 a taku na uku. Amma shi da kansa daga baya ya ɗauke ta ta wata hanyar ya ci wasanni da ita. Kwamfutocin yau ba su ce ta mutu ba, ba su kuma yabe ta ba. Hukuncinsu dai shi ne mai farare ya zubar da 'yar ribar da yake da ita ta fara taku, ya shiga daji da fitila ɗaya.

To yanzu maganar kasuwa, wato matakin 'yan wasa. A wajen masu koyo, dakare ɗaya ba ya yanke hukunci. Yaran nan sarauniya sukutum suke mantawa a bakin doki, wa ke ta dakare? Wasansu yana ƙarewa tun kafin a je inda gero zai yi amfani. A wannan mataki taɗiya ta gaske makaranta ce. Tana tilasta wa yaro ya fito da 'ya'yansa da wuri, ya san darajar taku, ya koyi lissafin in na yi kaza zai yi kaza. Kamar yaron da aka ɗora wa tire ne a bakin kasuwa: albasa biyu da ya yi gyara da su kuɗin makaranta ne.

A wajen matsakaita, irinmu masu zuwa kulob ranar Asabar, a nan taɗiya ta fi kawo riba, domin tsare gida ya fi kai hari wuya. Mai hari in ya yi kuskure, dakare ya rasa. Mai tsaro in ya yi kuskure ɗaya, sarki ya rasa. Amma a nan ne kuma agogo ke shiga maganar. A wasan minti uku, ko ruɓaɓɓiyar taɗiya tana ci, don ba wanda ke da sukunin zama ya warware ƙulli. A wasan gasa, inda kowa ke da minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku, mutum zai tallabe haɓa ya yi minti 20 yana kallon tarkonka har ya ga igiyar.

A wajen manya, masu maki 2500 zuwa sama, labari ya canza. Wasanninsu duk a rubuce suke, kowa na iya dubawa. Kafin a zauna, abokin karawa ya riga ya kwana da Stockfish, manhajar da ta fi kowane ɗan Adam iya wasan, ta nuna masa amsar kowane taku. Tun ma kafin zamanin kwamfuta abin ba sauƙi. Ken Smith, wanda wata taɗiya ke ɗauke da sunansa, ya buga ta sau uku a gasar San Antonio ta 1972 a gaban manya, ya sha kaye sau uku. Shi ya sa gwani in zai yi taɗiya mai rauni, sau ɗaya yake yi, ba zato, sannan ya ajiye. Sai dai kada a ce kwamfuta ta kashe sadaukarwa. Lokacin da kamfanin DeepMind ya fito da AlphaZero a 2017, abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda take zubar da dakaru don ta buɗe hanya, ta jira ribar da ba za ta zo ba sai can gaba. Taɗiyar da aka gina a kan lissafi tana nan da ranta har a sama. Wadda aka gina a kan fata ita ce ba ta hawa bene.

Komawa gidana. Auta ya yi wata biyu yana cin mutane a intanet da Stafford, makinsa na hawa, kansa na kumbura. Sai yayarsa, wadda ba ta da yawan magana, ta zauna dare ɗaya ta binciko amsar. Ta cinye shi sau huɗu a jere a kan tabarmar tsakar gida. Labari ya kai kulob ɗin makarantarsu, kafin sati ya zagayo kowane yaro ya san inda ake ajiye giwa. Na ce masa, "Auta, ka san bambancin mai talla a tashar mota da mai rumfa a kasuwa? Na tasha, fasinja yake sayar wa, mota ta tashi ba za su sake haɗuwa ba, ko ruɓaɓɓiya ya cusa a ƙasan leda ya sha. Intanet tasha ce. Kulob kuwa kasuwa ce, wanda ka cuta yau shi za ka gani gobe da jibi."

Malaminsu na ces ya ɗauki mataki mai tsauri. Ya ce daga ranar ba wanda zai sake ba da dakare a buɗin wasa har shekara ta ƙare. Auta ya dawo gida ya jefar da jakarsa, ya ce, "Baba, ni na bar wasan. In dai zama za a yi ana tura dakare kamar tsofaffi, gara in je ƙwallo."

Wani zai ce to mene ne, wasa ne fa. A wurina ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ke zaune a zango ya san abin da ke jiran yaro ɗan shekara 13 a bakin titi bayan magariba, ya san shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanni. Allon nan shi ke zaunar mini da yaro a gida. Shi ne kuma wuri guda da ɗan baƙo ke zama da ɗan gari ba a tambaye shi takardar zama ba, ba a yi dariyar Turancinsa ba. Mun ji labarin Tani Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya suka sauka a gidan marasa galihu a New York, ya ci gasar jihar ta 'yan ajinsa a 2019 yana da shekara 8. Ban ce ɗana zai zama shi ba. Ina dai son ƙofar ta zauna a buɗe. A ɗaya gefen kuma, maman yara ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce, "Alhaji, ni ban san wasanku ba. Amma yaron da ya saba ci cikin taku takwas, ranar da ka ba shi rumfa zai iya jiran ciniki?" Tana da gaskiya. Mun ga samari da yawa da suka zo da jari mai kyau, son ribar dare ɗaya ya mai da su gida da jaka a kafaɗa.

Na shirya na je wajen malamin ranar Asabar. Mutum ne mai haƙuri, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Alhaji, ba ƙin taɗiya nake yi ba. Matsalar ita ce, yaron da tarko ke ba shi nasara yakan daina koyo. Ɗanka ya haddace taku goma, in aka wuce nan bai san me zai yi ba. Ka ba shi sarki da dakare ɗaya a ƙarshen wasa, bai san yadda zai kai shi gida ba."

Na ce, "Malam, wannan gaskiya ne, na gani da idona. Amma wanda bai taɓa ba da bashi ba, ba zai san mai biya ba. In ka hana shi ba da dakare sam, yaushe zai san lokacin da ya dace a bayar? Kuma yaron nan wuta ce a cikinsa. In ka zuba mata ruwa, ba natsuwa za ka samu ba, toka za ka samu."

Ya yi shiru, ya ce, "To me kake gani?"

Muka yi ciniki irin na mutanen kirki, kowa ya rage. Stafford da 'yan'uwanta an bar su a waya, wasan minti uku, don nishaɗi. A kulob an yarda masa da Evans, bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, kafin ya ba da dakare sai ya iya faɗin abin da zai saya da shi, da bakinsa. Na biyu, in harin ya mutu ba zai miƙa wuya ba, zai zauna ya kare wasan har ƙarshe yana bin bashin dakaren, don ya ɗanɗani abin da ya jawo. Na uku, duk wasa biyu da ya yi taɗiya, na ukun shi zai riƙe baƙaƙe a yi masa. Malam ya ƙara da nasa: rabin awa na ƙarshen wasa kowane zama, ba fashi.

Ita ma yayar ba ta tsira ba. Nata halin shi ne duk abin da aka miƙo sai ta karɓa, kuma ba ta mayarwa. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka ci dakaren mutum, ka ɗauki nauyin zama cikin ruwan harinsa, kuma sau da yawa hanyar tsira ita ce ka mayar masa da abinsa a lokacin da ya dace da kai. Haka Emanuwel Laska, wanda ya riƙe kambun duniya shekara 27, ya rage wa Evans kaifi: ya karɓi dakaren, ya fito da 'ya'yansa, ya mayar da shi, a yi musayar sarauniya, mai hari ya tsinci kansa ba abin da zai kai hari da shi. A yawancin taɗiyoyin da ake farawa da e4, maganin mai baƙaƙe shi ne ya nemi lokacin tura d5, ko da dakaren zai tafi, don 'ya'yansa su sha iska. Wannan darasi ya fi yi mata wuya fiye da yadda haƙuri ya yi wa ƙanenta. 'Yar babanta ce, ba ta son kaya ya fita ba kuɗi.

Ga abin da na tsaya a kai bayan wata huɗun nan. Taɗiya ta gaske, irin Evans da Benko da Marshall, ba abin kunya ba ce a kowane mataki, illa dai tana ƙara tsada yayin da kake hawa, don sai ka san ta fiye da wanda ke gabanka. Taɗiyar sarki tana ciyar da mai ita a kulob, a sama kuwa sai jefi-jefi. Tarko irin Stafford yana da ranarsa, kuma ranar gajeriya ce. Laifinsa ba a wasan da zai sa ka faɗi yake ba, a wasannin da zai sa ka ci ba ka koyi komai ba yake.

'Yan'uwana iyaye, ko ba ku san inda doki ke taka ba, kuna iya taimakon yaranku. In kun ga yaro ya bar wani ɗansa an ci, ku tambaye shi, "Me ka saya da shi?" Ku saurari yadda zai fara amsa. In ya ce, "Na samu taku biyu, layin nan ya buɗe, sarkinsa bai shiga lungu ba," to ku ƙyale shi, ko ya faɗi a wasan yana kan hanya. In kuwa ya fara da, "Ai in ya yi kuskure," to ku zaunar da shi. Tambayar da za ku yi masa ke nan ranar da ya zo yana son ya ba wani kaya bashi, gara ya saba jin ta tun yanzu da abin da ke kan allo katako ne.

Auta bai bar wasan ba. Akwai gasar makarantu a gabansu, yana ta shirin Evans, yayarsa kuma tana ta shirin mayar masa da dakarensa. Da dare nakan ji shi yana yi wa ɗan baffansa na Kumasi Stafford ta waya, ina jin dariyarsa daga ɗaki. Ban hana ba. Na dai gaya masa ya ji daɗinta da sauri, don na ba baffan nasa lambar yayarsa.